Shagon itatuwa na bayan kasuwa: sabararsu ta yi, amma ku duba kwalbar nan kafin ku biya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai na ce sai na zauna na rubuta abin nan da nake ta cewa zan rubuta, kan wani ɗan shagon ganyaye da saiwoyi da ke nan Maraɗi ta bayan babbar kasuwa, don tun ranar sunan ɗan ƙanwata mata ke ta tambayata wai ina na samo sabara mai kyau haka a cikin gari kuma tsakiyar bazara. Ba zan faɗi sunan shagon ba, saboda akwai abin da bai yi mini daɗi ba a ciki kuma dole in faɗe shi, ga shi mai shagon dattijo ne da ya yi sa'an mahaifina, ba na so abin ya zama kamar tonon silili. Wanda ya san layin masu kayan yaji ya bi har ƙarshe zai gan shi, ƙofa shuɗiya, buhunan ganye jere a bakin ƙofa.

Yadda abin ya fara, ƙanwata ce ta haihu, haihuwar fari, to Inna tana can ƙauyenmu wajen Agye ƙafa ta matsa mata ba ta iya hidimar mai jego, sai aka ce ta zo gidana ta yi wanka. Tun kafin a sallamo su daga matanite Inna ta kira ni a waya ta ce ke, ki nemo sabara, kar ki tsaya kan bedi kaɗai, bedi na gari duk ƙura ce da hayaƙin mota. Na ce to Inna. Na ɗauka abu ne mai sauƙi wallahi, don ni na tashi ne ina ganin sabara kamar yadda ake ganin ƙasa, in ka fita bayan gida ka yi taku goma ka iske ta. Ashe a Maraɗi ta yanzu ba haka ba ne. Garin ya ci gonakin da ke kewaye da shi, inda muka san saura ce da yanzu duk filaye ne an kafa bulo, yaron da na aika da kabu-kabu ya yi yawo har ya gaji ya dawo mini da wani ɗan ƙunshi duk awaki sun gaigaye shi, rabi itace rabi ƙura. Maƙwabciyata ce ta ce in je shagon nan.

Kafin in shiga maganar shagon bari in ɗan tsaya kan sabarar kanta, don na lura yaran da suka tashi a birni da yawa sunanta kawai suka sani, ko an ajiye musu ita da geza ba za su rarrabe ba, kuma wanda bai san abu ba shi ake sayar wa da komi. Sabara ba itace ba ce mai gindi ɗaya kamar gawo ko kanya, kurmi take yi, rassa da yawa su fito daga kututture guda, tsawonta galibi daga ƙugu zuwa ta ɗan wuce kan mutum, in an bar ta ta shekara da yawa ba a sare ba ta kan kai mita 3 ko ta ɗan fi. Ganyenta ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna kallon juna, launinsu ba kore shar ba, kore ne mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari, in ka shafa za ka ji laushi na ɗan gashi. Babbar alamar da Baba ya koya mana ita ce ka juya bayan ganyen, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana birjik kamar an yayyafa barkono baƙi. In babu ɗigon nan to ba sabara ba ce ko wa ya rantse maka. Furenta ɗan dunƙule ne mai ruwan ɗorawa, 'ya'yan kuma dogaye siri-siri masu gashi mai sheƙi, sun baje ta ko'ina daga wuri ɗaya kamar ƙafafun gizo-gizo, muna yara mu kan tsinko mu liƙa wa juna a gashi. Akwai kuma wani ƙulli da ke fitowa a jikin rassan, ƙwaro ne ke jawo shi, shi ma masu magani suna tara shi.

Jigawa take so, ƙasa mai rairayi wadda ta gaji da noma, inda wasu itatuwan ke ƙin tsayawa nan take jin daɗi, shi ya sa tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan duk inda aka yi yanayi irin namu za ka same ta. Fulani na ce mata geloki. Sunan ma da masana suka sa mata, Guiera senegalensis, daga sunanta na yaren Wolof aka ciro shi. Dangi ɗaya suke da geza, wadda mutanen yamma ke kira kinkeliba suna shan shayinta. Amfaninta kuwa kowace tsohuwa ta sani, tari da mura, gudawa, atini, basir, zazzaɓi, wankan jego, makiyaya su turara ɗanyen ganyen a garke don korar ƙuda, raƙuma da awaki su ci, a yi darni da rassan, a girka tuwo da busassun. Ba na cewa tana warkar da duk wannan, ina faɗin abin da aka gada ana yi da ita ne.

To na isa shagon wajen ƙarfe goma na safe. Ɗan ƙarami ne, mutum uku in sun shiga sun cika shi, amma abin da ya fara burge ni ƙamshi ne, babu warin ruma ko kaɗan, kuma duk wanda ya saba shiga irin waɗannan wurare ya san warin da nake nufi, na ganyen da aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba. Dattijon yana zaune kan buzu da carbi, ɗiyarsa ce ke awo. Na gaishe shi na ce Baba sabara nake so ta wankan jego. Ya ce ɗiyata, ɗanya ko busassa? Na ce akwai ɗanya? Ya ce sai ranar da mata suka kawo daga ƙauye, sau biyu a mako, amma busassar ma ki duba ki gani. Ya sa ɗiyar ta kwance bakin buhu, ya ce sa hannunki har ƙasa, kar ki ɗebi na sama. Wannan maganar kaɗai ta sa na natsu, don mai ha'inci na sama yake nuna maka.

Na sa hannu har gwiwar hannu na ɗebo. Ganye ne zalla, 'yan tsinke kaɗan, launin nan na toka-toka yana nan bai koma ja ko baƙi ba, wanda ke nuna a inuwa aka shanya ba a rana ba. Na juya baya, ga ɗigon nan baƙaƙe. Na murje ɗaya a tafin hannu na sa a harshe, ɗaci kaɗan sannan baurin nan ya kama mini baki, irin wanda ke sa harshe ya ɗaure. Na zazzage sauran a kan farin mayafina don in ga ko rairayi zai zubo, don wasu da ƙasa suke ƙara nauyi, abin da ya zubo bai kai a ce komi ba. Baba yana kallona yana murmushi ya ce ke 'yar ƙauye ce. Na ce e Baba, wajen Agye. Ya ce ai na gani.

Kuɗin ma ba laifi. Ƙaramin sashe na garin sabara sefa 250, wato dala hamsin, babbar leda ta ganye jikka ɗaya, kuma ledar nan ta yi mana kwana 6 ana wanka safe da yamma muna haɗawa da bedi kaɗan. Ranar da ɗanyar ta zo na koma na samu dami mai kyau a sefa 500, raɓa ma ba ta gama bushewa a jiki ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai kuwa, wanda saboda shi ne ma nake wannan dogon rubutu, shi ne da na tambaye shi saiwar sabara, don wata ta ce in haɗo mata, sai ya ce ba ya sayar da ita. Na ce don me Baba? Ya ce in aka tsinki ganye baɗi a dawo a tsinka, in aka tone saiwa an gama da ita, kuma ya gaya wa matan da ke kawo masa duk wadda ta zo da saiwa ta koma da abinta. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don maganar mahaifina ce sak. Mu a gidanmu ba a taɓa kututturen sabara. Lokacin sassabe Babanmu zai bi gona ɗaya bayan ɗaya, kowane kurmi ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran ya baje su a ƙasa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, itacen Inna ta kwashe. In iskar farkon damana ta taso tana kwasar rairayi tana binne shuka, za ka ga hatsin da ke gindin sabara shi ke tsira, ƙasa ta taru a wurin ta yi ɗan tudu, kuma in aka yi fari na kwana goma sha, hatsin wurin shi ne na ƙarshe da ke lanƙwasa. Muna yara mun ɗauka inuwa ce kawai. Sai daga baya na ji cewa masu bincike a Senegal sun gwada sun gano da dare saiwar sabara, da yake tana nitsawa can ƙasa, tana jawo ruwa daga zurfi ta sake shi a sama-sama, hatsin da ke kusa ya sha. Kalgo ma haka yake yi. Abin da tsofaffinmu suka gani da ido ke nan tun ba a auna ba.

Wannan shi ne sassabin zamani da ake ta magana, kuma nan jihar Maraɗi ya kafu. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan, a 1983 ya lura cewa 'yan tohon da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da kututturensu ke raye a ƙarƙashin ƙasa, in an rage rassan an kula da su sai su tashi. Yunwar 1984 ta zo ta sa mutane suka fara saurara, a hankali abu ya bazu daga gona zuwa gona, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna a kai, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi tsakanin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a kan wannan. Ni dai abin da na sani gonar Babanmu da na sani kusan fayau ina ƙarama, sai 'yan kurmin sabara, yanzu sai ka shiga ka ɓace wa mai nemanka. Don haka in na ga mai sayar da magani da ya ƙi karɓar saiwa alhali akwai masu saye da tsada, ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Akwai masu talla a tasha da za ka ga sun shimfiɗa saiwoyi tuli guda, kowace saiwa kurmi guda ne aka kashe a gonar wani.

To yanzu ga inda aka samu matsala.

Zuwana na uku Baba ba ya nan, ya tafi jana'iza, wani saurayi ne a shagon, ina jin jikansa ne ko yaron gida. Na sayi abin da ya kawo ni, sai na yi kuskuren cewa ko akwai wani abu na ciwon mara, don ni duk wata sai na kwanta kwana ɗaya cur. Nan take ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, da murfi mai ɗigo, rubutun Faransanci a jiki da hoton wasu 'ya'yan itace jajaye. Ya ce Hajiya wannan ita ce sabarar Turawa, itace ɗaya ne, tasu ce dai ta fi ƙarfi don an tace ta da inji, ɗigo kaɗan a ruwa an gama. Na ce nawa? Ya ce jikka bakwai da rabi. Sefa 7.500 fa, kuɗin cefanen kwana nawa. Na yi jim, amma wadda ta san ciwon mara ta san abin da mutum zai iya biya don ya rabu da shi, kuma na riga na yarda da shagon saboda sabararsu, sai na biya. Faransancina na firamare ne, manyan baƙaƙen na iya karantawa, Viburnum opulus, ƙananan na ce sai na je gida.

Allah ya taimake ni ban buɗe ba. Da daddare ƙanen maigidana ya zo cin tuwo, yana karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na miƙa masa na ce karanta mini yadda ake sha. Ya juya kwalbar ya ce matar Yaya wa ya ce miki wannan sabara ce? Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce ko dangi ba su haɗa ba, ya buɗo mini hotuna a wayarsa muka zauna har tuwon ya huce yana yi mini bayani, kuma gaskiya itacen ya ba ni sha'awa, ba shi da laifin komi, laifin na wanda ya laƙaba masa sunan da ba nasa ba ne.

Shi wannan viburnum, Faransawa na ce masa viorne, dangi ne babba mai iri fiye da 150, kusan dukkansu a ƙasashen sanyi na arewacin duniya suke, Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, wasu kan duwatsun Amurka ta Kudu. A Afirka sai can arewa wajen duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. Wanda ke cikin kwalbata, opulus ɗin, kurmi ne shi ma na daji, yana kai mita 4 ko 5, amma inda sabara ke neman jigawa da rana shi damshi yake bi, bakin rafi, gefen kurmi, shingen gonaki inda ƙasa ba ta bushewa, kuma yana son sanyin hunturunsu, yana zubar da ganye gaba ɗaya bayan ganyen ya koma ja. Ka kawo shi nan watan huɗu ko mako ba zai yi ba. Ganyensa mai faɗi ne ya rabu gida uku, ya ɗan yi kama da na auduga. Furen ne ya fi ba ni mamaki, fari ne ya baje kamar faifai, na gefe manya-manya masu kyau amma ba sa yin 'ya'ya, aikinsu kawai su jawo ƙudan zuma da sauran ƙwari, na tsakiya ƙanana da ba ka ko lura da su su ne ke haihuwa. 'Ya'yan jajaye ne masu sheƙi kamar murjani, suna da ɗaci, ɗanyensu in an ci da yawa yana sa amai da ɓacin ciki, sai an dafa. Mutanen Rasha da Yukren na dafa su da sukari ko zuma, a Yukren ma kalina suke ce masa kuma alama ce ta ƙasarsu, suna sa shi a waƙa da ɗinkin riga kamar yadda mu muke ji da gawo ko giginya. A Turkiyya wajen Kayseri ana yin abin sha da shi ana kira gilaburu. Ya ce mini har gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a duwatsun Alps tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya haura shekara 5.000 da mutuwa, kyauron kibansa da rassan wani ɗan uwan wannan itace aka yi, saboda suna fitowa miƙe sambal.

Maganar ciwon mara kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, wannan dole in yi wa yaron adalci. Ɓawon itacen ne suke amfani da shi tun da daɗewa don murɗar mara da ɗaurewar jijiya, masu Ingilishi ma sunan da suka sa wa ɓawon ma'anarsa ke nan, kuma Indiyawan Amurka na asali suna da nasu irin da suke ba mata. Wato maganin gargajiyarsu ne kamar yadda sabara take namu, ba wani abin asibiti ba ne da ya fi namu daraja don an sa shi a kwalba. Kuma tunda abu ne da ake sha don ya taɓa mahaifa, mai ciki ko mai shayarwa ba ta da hurumin sha ba tare da likita ya ce ba, ga shi ni da mai jego a ɗaki, da na yarda sabara ce ai da na ɗiga mata.

Sai ya kai ƙananan rubutun, ya yi shiru, ya sa yatsa ya nuna mini kalmar alkol da lamba a gefenta, lambar ta haura rabi. Ya ce irin wannan haɗin a cikin barasa ake jiƙa ɓawon don a tsotse abin da ke ciki, haka ake yin sa, kuma masu yin sa ba su ɓoye ba ga shi nan a rubuce. Jikina ya yi sanyi. Ni ba malama ba ce, hukuncin magani mai alkol na bar wa malamai, amma haƙƙina ne a gaya mini kafin in ba da kuɗina in zaɓa da kaina, ba a ce mini sabara ce an tace da inji ba. Mata nawa ne suka saya waɗanda ba su da mai karanta musu a gida? Wannan tunanin ne ya hana ni barci, ba jikka bakwai da rabin ba.

Washegari na koma, na iske Baba. Na durƙusa na gaishe shi na yi masa ta'aziyya sannan na fiddo kwalbar na faɗa masa komi a hankali ba tare da ɗaga murya ba. Ya karɓa ya juya ta a hannu, shi ajami yake karantawa ba boko ba, ya kira wani mai butik na kusa ya karanta masa. Da mutumin ya tabbatar, Baba ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un har sau biyu, ya ce wani ɗan kasuwa ne ya kawo masa guda goma daga Kwatano ya ce maganin mata ne na itace zalla. Ya sa aka sauko da sauran daga kanta a gabana, guda shida suka rage, ya zuba su a leda ya tura ƙarƙashin buzu. Ya ce ɗiyata kin yi mini gata, Allah ya yi miki albarka. Yaron kuwa ya sha faɗa, ban so ma a yi a gabana ba.

Amma kuɗina ba su dawo a hannu ba, wannan ma sai in faɗa. Ya ce cinikin jiya an riga an sayi kaya da shi, in ɗauki kaya na kuɗin ko in jira mako. Na ji nauyinsa na ce zan riƙa ɗiba a hankali, ɗiyar ta rubuta a littafi, kuma gaskiya ba su taɓa yi mini gardama kan lissafin ba, amma da wata ce mai buƙatar kuɗinta ranar da an shiga haƙƙinta. Sannan guda ukun da aka sayar kafin tawa, na tambaya ko sun san waɗanda suka saya, suka ce ɗaya kawai suka sani. In kina cikin sauran biyun to ki duba kwalbarki.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma ya kamata su gyara. Sashe-sashen garin ba a rubuta komi a jiki, babu suna babu ranar da aka daka, garin sabara da na geza da na kalgo in sun haɗu a leda ɗaya sai an ɗanɗana ake ganewa, ni da na isa gida sai in sa alama da biro. Ba sa faɗin awo sai ka tambaya, kuma amsar Baba da ta yaron ba ta zama ɗaya, Baba zai ce ɗan kaɗan a kunu kwana uku in bai tsaya ba ki tafi likita, yaron zai ce ki sha yadda kike so ai itace ne. Wannan maganar ta ai itace ne ita ke kwantar da mutane, tunfafiya ma itace ce. Babu wurin zama, mace mai tsohon ciki sai dai ta tsaya a rana. Lokacin buɗewa kuma ba tabbas, Juma'a kar ma ki je sai bayan la'asar. Shawarata ki je lokacin da dattijon ko ɗiyarsa ke nan, tsakanin ƙarfe tara da azahar, in kin iske yaron kaɗai ki sayi abin da kika sani da idonki ki fito.

Wankan ya tafi lafiya alhamdulillahi. Abu ɗaya da na tsaya a kai, har muka ɗan yi sa-in-sa da gwaggonmu da ta zo kwana biyu, shi ne zafin ruwa da kanwa. Ita so take ruwa na tafasa a fyaɗa da ganye har fata ta yi ja, a bi da kunun kanwa kofi-kofi, haka aka yi musu. Ungozomar matanite kuwa ta ja mini kunne tun ranar sallama, ta ce ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa a rage sosai, don likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da zafin nan mai tsanani da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda za ka ga mai jego ta kumbura tana haki a ce iska ce. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, sabara za a sa kamar yadda Inna ta ce, amma sai na sa gwiwar hannuna a ruwan na iya jurewa sannan a kai bayi. Ta yi fushi yini guda ta sauko. Da na ba Baba mai shago labari ya ce ai ganyen ne ke aiki ba ƙuna ba, a tafasa shi sosai ruwan ya yi duhu sannan a sirka.

Ranar arba'in ƙanwata ta koma ɗakinta, na ɗaure mata leda biyu ta tafi da su. A littafin shagon saura sefa 2.000 nake bi, na ce su ajiye mini geza in azumi ya matso, Baba ya ce matan da ke kawo masa daga wajen Madarumfa sun fi iya shanya ta, zai ware mini tasu.